Maigida, Kai Ma Ka Je A Gwada Ka

Akwai wata kotu da ke zama a zangunanmu na Ankara (ta Gana nake nufi, kada mai karatu na Kano ya nufi Turkiyya), daga Zongo Lane zuwa Sabon Zongo, daga Nima da Maamobi har Madina. Kotun nan ba ta da alƙali, ba ta da magatakarda, ba ta kiran shaida, kuma ba a taɓa ɗage mata zama ba. Da aure ya cika shekara biyu ba a ga amarya ta fara tsirtar da yawu ba, sai ta zauna, a gidan suna, a layin mai koko, a kujerar baya ta trotro. Wadda ake tuhuma ɗaya ce kullum, hukuncin ma ɗaya. Matar ce juya, ita ce mai farar ƙafa, ita ce ta zo tana ci tana cika wa mutane masai. Idan an so a sassauta mata sai a ce ai aljani ne ya aure ta. Mijin kuwa yana can wajen hira yana kurɓar ataya, ana tausaya masa, ana ba shi shawarar ya ƙara aure.

Ku duba bakinmu ma. Juya mace ce, bakarariya mace ce. Kalmar bakarare tana nan cikin Hausa, amma ina roƙon mai karatu ya tuna ranar ƙarshe da ya ji an kira wani namiji da ita.

Ni namiji ne, kuma da maza 'yan'uwana nake wannan magana. Duk wanda ya bari aka zagaya da matarsa asibiti uku da malamai bakwai, aka ɗura mata jiƙo da rubutu har cikinta ya ƙi, shi kuwa bai taɓa miƙa maniyyinsa an duba ba, to ya zalunce ta, ko da bai taɓa ɗaga mata murya ba. A watan Afrilun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton cewa kusan mutum 1 cikin 6 na baligan duniya kan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsu, kuma babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. Abin da hukumar ke kira rashin haihuwa shi ne a yi wata 12 ana saduwa a kai a kai, ba tare da wata kariya ba, ciki bai samu ba. Likitocin wannan fanni kuma sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin irin waɗannan ma'aurata namiji na da hannu, ko dai matsalar tasa ce shi kaɗai, ko tasa da tata ne suka haɗu. Ke nan a rabin shari'un da kotun tamu ke yankewa, an bar jaki ana dukan taiki.

Duk ranar da muka kawo likita cikin shirina na rediyo muka buɗe layi a kan wannan batu, jimla ɗaya ce ke ta dawowa daga bakin maza, da Hausa, da Turanci, da Tuwi: ni lafiyata ƙalau, a tambayi matata. Abin da mai magana ke nufi shi ne gabansa na tashi, yana biyan buƙatar iyali, ruwa kuma na fita mai kauri. Ya ɗauka ƙarfi shi ne haihuwa. Wannan kuskure guda shi ne gindin duk zaluncin, don haka a yi mini haƙuri in ɗan tsaya a kansa.

Maniyyi abu biyu ne, ruwa da fasinjan da ke cikinsa. Kusan kashi biyu cikin uku na ruwan daga wasu 'yan jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara yake fitowa, mafi yawan ragowar kuma daga furostet, wata ƙwaya mai kamar girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar. Fasinjan, wato ƙwayoyin haihuwa, a cikin maraina ake ƙera su, cikin wasu siraran bututu da suka nannaɗe kamar zare, kuma ba su kai kashi 5 cikin 100 na abin da mutum ke gani da idonsa ba. Su kansu ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Tashin gaba kuwa aikin jini ne da jijiyoyi, bai san abin da ke faruwa cikin maraina ba. Saboda haka trotro na iya tashi daga Nima ta isa Tema Station a kan lokaci, inji lafiya, birki lafiya, direba na ta taƙama, alhali ba ta ɗauko fasinja ko ɗaya ba. Kusan namiji 1 cikin 100 haka yake, ruwansa na fita daidai, fari, mai kauri, amma babu ƙwaya ko guda a ciki. Waɗanda nasu ƙwayoyin ke nan amma sun yi kaɗan, ko ba sa motsi, ko surarsu ta lalace, sun fi haka yawa nesa. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2021, ana sa ran samun aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita, kuma aƙalla kashi 30 cikin 100 su zama masu ninƙaya gaba. Wane namiji ne zai iya ƙirga wannan a banɗaki?

Ƙirar ƙwaya ɗaya kan ɗauki kusan kwana 74, sannan ta ƙara wasu kwanaki tana nuna a wani murɗaɗɗen bututu da ke manne a bayan maraina. A dunƙule, wata uku ke nan. Daga wannan lissafi kaɗai mutum zai gane abu biyu. Zazzaɓin sauro mai tsanani da ya kwantar da kai yau zai iya bayyana a maniyyinka bayan wata biyu. Sannan mai kwalbar da ya rantse maka cewa kwana uku ka sha matarka za ta ɗauki ciki, ƙarya yake yi, ko da rawaninsa ya kai girman faifai.

Maraina suna rataye a waje ne don suna buƙatar su fi sauran jiki sanyi da digiri 2 zuwa 3. Duk abin da ke dumama su na tsawon lokaci na iya rage aikinsu, kuma a kan gaba akwai kumburin jijiyoyin jinin maraina, wanda ya fi faruwa a ɓangaren hagu, wanda kuma yana cikin abubuwan da likitoci suka fi samu a jikin mazan da suka zo da kukan rashin haihuwa. Sau da yawa ba ya zafi, mutum na yawo da shi shekara goma bai sani ba, kuma ana yi masa aiki. Hangum da ya kama namiji bayan balaga yakan sauka maraina ya bar ɓarna. Yaron da aka haifa marainansa ba su sauko ba, aka ce ai za su sauko da kansu har ya girma, shi ma an ajiye masa matsala.

Masana'antar nan ba ta aiki sai da umarni, umarnin kuma daga kai yake zuwa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da bai wuce ƙwayar wake ba, fitutari, wanda ke aika saƙo ta cikin jini. Irin waɗannan saƙonni su ake kira homon. Ɗaya, FSH, yana cewa maraina su ƙera ƙwayoyi. Ɗayan, LH, yana cewa su fitar da testosteron, sinadarin da ke kawo gemu da kaurin murya da sha'awa. Fitutari na sa ido a kan yawan testosteron da ke cikin jini, da ya ga ya wadata sai ya dakatar da saƙo. A nan samarinmu masu ɗaga ƙarfe ke faɗawa rami. Mutum ya sayi allurar testosteron don ƙirji ya buɗe, fitutari ya ga jini ya cika, ya yi shiru, maraina su rufe shago. Ƙirji ya kumbura, ƙwayoyi su ƙare. Abin ya tabbata har ta kai a shekarun 1990 an yi gwajin wannan allura a matsayin maganin hana haihuwa na maza. Tiramol kuwa, wanda ƙasar nan ta yi ta kururuwa a kansa a 2018, wanda samari da yawa ke sha don su daɗe a shimfiɗa, yana cikin dangin magungunan da ke danne testosteron idan aka daɗe ana sha. Wato abin da mutum ke haɗiya don a ce masa namiji, shi ke cinye mazantakar.

Akwai wata ɓarnar da ta fi wannan ɗaci, domin a jikin mace take bayyana alhali sau da yawa namiji ne ya shigo da ita gida. Ciwon sanyi na gaske, wato gonoriya, da 'yar'uwarsa kilamidiya, a jikin namiji sukan yi ƙara: fitsari da zafi, mugunya. Sai ya je kemis ya sayi kafso huɗu, zafi ya lafa, ya yi gum. A jikin mace kuwa sau da yawa shiru suke yi, su haura ta bakin mahaifa su kai ga bututun da ƙwai ke bi, su bar tabo, hanya ta toshe. Tun a shekarun 1980 binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe da dama ya nuna cewa a Afirka toshewar bututu sakamakon irin waɗannan cututtuka ita ce kan gaba a dalilan rashin haihuwar mata. Bayan shekara biyar likita ya ce bututunta sun toshe, maigida ya yi ajiyar zuciya ya ce ai dama na faɗa. Ya auro ta biyu, ya ba ta irin kyautar da ya ba ta farko.

Ban ce mata ba su da nasu matsalolin ba. Ƙarin mahaifa ya fi yawa a jikin baƙar mace, akwai masu rikicewar homon da ke hana ƙwai fita a kan lokaci, akwai masu matsalar maƙoshi, akwai masu cusa matsi da haɗe-haɗen kayan mata har su kashe ƙwayoyin da Allah Ya ajiye don tsaron farji. Amma kafin a yanke wa mace hukunci ya kamata a san yadda jikinta ke aiki, kuma mafi yawan masu yanke hukuncin ba su sani ba.

Mace tana da ma'ajiyar ƙwai biyu, dama da hagu na mahaifa. Waɗancan saƙonni biyu na fitutari su ne dai ke aiki a jikinta. FSH ya sa ƙwai ya fara girma, ƙwan da ke girma ya saki istirojin, istirojin ya sa mahaifa ta yi shimfiɗa mai kauri. Sai LH ya yi tashin gwauron zabo, ƙwai ya fashe ya fito, bututu ya cafke shi. Daga nan furojestaron ya riƙe shimfiɗar yana jiran baƙo. Idan baƙo bai zo ba sinadaran su sauka, shimfiɗa ta zube, ita ce haila. Ƙwan da ya fito ba ya wuce awa 24 da rai. Ƙwayoyin namiji kan iya jira har kwana 5 a jikin mace. Ke nan a wata guda cur, kusan kwana 6 ne ƙofa ke buɗe, kuma ƙwai kan fita ne kimanin kwana 14 kafin haila mai zuwa, ba lallai rana ta 14 bayan wadda ta wuce ba. Ko ma'aurata masu cikakkiyar lafiya, damar samun ciki a kowane wata ba ta wuce ɗaya cikin huɗu ko biyar ba.

To a sa wannan lissafi kusa da rayuwar zango. Mu mutanen tafiya ne tun kakanni, fataucin goro da shanu ne ya kafa unguwannin nan. Yau ma maigida yana Lome mako biyu, yana Abijan mako uku, ko yana Italiya ko Katar yana zuwa sau ɗaya a shekara ya yi wata guda.  Idan zuwansa gida bai faɗo cikin kwanakin nan shida ba, watan ya tafi. A irin wannan gida a kan yi shekara huɗu ana zagin mace alhali idan aka ƙirga damar da aka ba ta ba ta kai ta wata shida ba.

Abin da ya sa taurin kan namiji ya zama laifi babba shi ne lokaci. Namiji yana ƙera sababbin ƙwayoyi kullum har tsufa, ko da ingancinsu na raguwa. Mace kuwa da jarinta aka haife ta, ƙwai miliyan 1 zuwa 2, waɗanda kafin ta balaga sun ragu zuwa kusan dubu 300, kuma kimanin 400 ne kawai za su nuna su fito a tsawon rayuwarta. Ba a ƙara mata ko ɗaya. Daga shekara 35 yawansu da ingancinsu na sauka da sauri, wajen shekara 50 haila ta ɗauke. Yarinyar da aka aura tana da shekara 27, mijinta ya yi shekara tara yana cewa shi lafiyarsa ƙalau, ranar da gaskiya ta fito tana da 36. Shi idan an yi masa magani zai iya haihuwa da wata. Ita wa zai mayar mata da shekarun nan tara? Kowa a Nima ya san labarin matar da aka saka don ba ta haihuwa, ta yi wani aure, kafin shekara aka kira mu suna. Mukan ci shinkafar sunan mu yi ƙus-ƙus, mu ce rabo ne. Waɗanda aka saka bayan lokaci ya ƙure musu kuwa, babu mai ba da labarinsu.

Kotun nan tana da wani reshe, na masu haihuwar 'ya'ya mata. Wannan ma ba ya buƙatar doguwar magana. Kowane ɗan Adam yana da kuromosom 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi, ba shi da wani. Ƙwayoyin namiji ne suka kasu biyu, wasu X wasu Y. Idan mai X ta riga isa, mace za a haifa, idan mai Y ce, namiji. An san wannan tun farkon ƙarni na 20. Shi ma mijin ba zaɓa yake yi ba, don haka ba laifinsa ba ne, amma wanda ya ɗaure wa matarsa fuska a ɗakin haihuwa na asibitin Maamobi don ta sake haifo mace, yana fushi ne da saƙon da shi ya aika.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini bayan an tashi daga shiri: wannan magana rashin kunya ce, ba tarbiyyarmu ba ce, yara na saurare. Ina tambayar masu faɗin haka, a wace makarantar suka yi karatu? Yaron da ya zauna gaban malam a Nima ya karanta Ahlari da Ishmawi da Risala, tun kafin gemu ya fito masa an bambance masa maniyyi da maziyyi da wadiyyi, an faɗa masa launi da ƙamshi. Yarinya an koya mata kwanakin haila da na biƙi da alamun tsarki. Ummu Sulaim ta je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta yi tambaya a kan mafarkin mace, aka ba ta amsa. Nana A'isha ta yabi matan Madina domin kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Malamanmu na da ba su ji nauyin kiran gaɓa da sunanta ba. Yaushe muka fi su kunya?

A watan Satumbar 2019 ƙasar nan ta ɗauki zafi a kan shirin koyar da ilimin jima'i a makarantu. Shugabannin addini, Musulmi da Kirista, suka ce ba su yarda ba, Shugaba Akufo-Addo ya fito ya ce ba za a koyar da abin da ya saɓa wa tarbiyyar ƙasa ba, aka kashe maganar. Iyaye suna da haƙƙin su tambayi abin da za a zuba a kan 'ya'yansu, ban musa ba. Amma bayan mun ce ba ma son nasu, ina namu? Wane masallaci ne ya ce to ga darasinmu, malamin fiƙihu a dama, likita a hagu, maza daban mata daban? Abin da ya rage wa yaro shi ne 'yan shafukan littafin kimiyya da zai haddace don jarrabawar BECE ya manta, sai wayar da ke aljihunsa.

Filin da muka bari kuwa ba a bar shi fayau ba. A shiga kasuwar Nima, a tsaya a tashar mota, a hau doguwar bas mai zuwa Kumasi. Ga mai magani da lasifika yana zayyana abin da ke faruwa tsakanin miji da mata da kalmomin da ba zan iya rubutawa a nan ba, gaban yara, gaban surukai, ana dariya ana miƙa kuɗi. Shi ba a ce masa marar kunya. Kwalba ɗaya tana maganin basir, da sanyi, da ƙanƙancewar gaba, da ƙarin mahaifa, da rashin haihuwa. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano cewa irin waɗannan haɗe-haɗe da ake cewa zallar itace ne, an barbaɗa musu sinadarin Viagra, wanda ke tayar da gaba amma ba ya ƙara ƙwaya ko ɗaya, kuma yana da haɗari ga mai ciwon zuciya. Dokar Lafiyar Jama'a ta Gana ta 2012 ta hana tallata magani da sunan yana warkar da rashin haihuwa ko rashin ƙarfin namiji. A murɗa rediyo da dare a ji ko ana bin ta. Sana'ata ce, na san yadda ake sayar da rabin awa ga mai kwalba a kira shi dakta, alhali likitan gaskiya sai an roƙa masa minti goma. Gidan rediyon da ke yin haka abokin tarayya ne a cikin cutar, komai yawan wa'azin da yake sakawa da asuba.

Sai hujja ta ƙarshe, wadda ake fitowa da ita idan sauran sun ƙare: haihuwa ta Allah ce. Haka ne, babu musu. Aya ta 49 da ta 50 a Suratus Shura sun kasa mutane huɗu a wannan babi, mai 'ya'ya mata, mai 'ya'ya maza, mai duka biyu, da wanda ba a ba shi ba, sun fara da ambaton mata, kuma kalmar da aka yi amfani da ita ga kashi na huɗu ba ta keɓanta da mace ba. Nana A'isha ba ta haihu ba, darajarta ba ta ragu ba. Amma abin mamaki, ba a tuna ƙaddara sai an ce namiji ya je asibiti. Lokacin da ake jan matar daga wannan malami zuwa wancan boka, ana sayar da sarƙarta ana sayen baƙin bunsuru, babu wanda ya ce a bar wa Allah. Idan neman magani ya halatta a kanta, ya halatta a kanka. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji wani mutum da ya san ba ya haihuwa ya yi aure bai faɗa wa matar ba, sai ya umarce shi ya koma ya sanar da ita, ya ba ta zaɓi. Wannan shi ne abin da mazanmu ke tsoro a ƙasan zuciya, kada takarda ta fito matar ta sami zaɓi. To haƙƙinta ne. Wata za ta zauna don tana son mijinta, su ɗauki riƙo, kuma irinsu suna da yawa. Wata za ta tafi. Wanda ya ɓoye mata don kada ta tafi, ya riƙe ta ne da yaudara.

Kuma sau da yawa takardar ba ƙarshen zance ba ce. Ana maganin cututtukan sanyi, miji da mata ko matan gaba ɗaya a lokaci guda. Ana aikin kumburarrun jijiyoyi. Wanda allura ko ƙwaya ta kashe wa masana'anta, idan ya daina, sau da yawa takan farfaɗo cikin watanni. Wanda saƙon fitutarinsa ne ya yi rauni ana ba shi homon ɗin da ya dace, a hannun likita. Ga masu hali akwai haɗa ƙwai da maniyyi a waje a mayar mahaifa, dabarar da aka fara haihuwa da ita a Ingila a 1978, a Gana kuma a Tema a 1995. Tun 1992 likitoci a Beljiyam suka nuna cewa ana iya ɗaukar ƙwayar namiji guda ɗaya tak a cusa ta cikin ƙwai, don haka mai ƙwayoyi kaɗan ma bai fita daga sahu ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta wannan aiki muddin ƙwai na matar ne, maniyyi na mijinta ne, kuma a mahaifarta za a mayar. Aikin yana da tsada ƙwarai, inshorar lafiya ta ƙasa kuma ba ta biyansa, wanda wannan wani faɗa ne da ya kamata 'yan majalisarmu na Ayawaso su ɗauka. Amma ba a kai ga maganar tsada ba tukuna, tunda mutumin ya ƙi taka matakin farko, mai araha.

A kwatanta gwajin biyu. Ita za a ɗebi jininta a wasu ranaku na musamman na wata, a yi mata hoton ciki, a tura ruwa ta bakin mahaifa a ɗauki hoton bututu, aikin da duk macen da aka yi wa za ta gaya maka zafinsa. Kai kuwa za a ce ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a ba ka ɗan kofi mai murfi, ka kawo cikin awa guda ba tare da ya yi zafi ko sanyi ba. Babu allura, babu wuƙa, kuɗinsa bai kama ƙafar ragon suna ba. Mai jin nauyin yadda za a fitar ya tambayi malaminsa, da taimakon matarsa ma ana yi. Ana yin gwajin a Korle Bu da ɗakunan gwaje-gwaje masu zaman kansu da dama a cikin gari, wanda kuma yake tsoron haɗuwa da ɗan unguwarsu ya tafi Tema ko Kasoa. Idan sakamakon farko bai yi kyau ba, ba a yanke hukunci da shi, akan sake bayan kusan wata uku, saboda wancan lissafi na kwana 74.

Ina da buƙata wajen mutum uku. Hajiya uwar miji, kafin ki aika a nemo wa ɗanki wata, ki tambaye shi ko an taɓa duba shi, ki kuma ce ya nuna miki. Limamin da ake kawo wa ƙarar aure a zaure, kada ya saurari kalmar ba ta haihuwa daga bakin wanda ba shi da takarda a hannu. Uban yarinyar da aka zo nema a matsayin ta biyu don ta farko ta kasa, shi ne ya fi kowa iko a nan. Gidaje da yawa a zango sun riga sun saba da neman gwajin sikila da na ƙanjamau kafin a sa rana. Ya ƙara wannan a kai, ya ce sai an kawo sannan a karɓi goro.